Hildegard Burjan: me ya haɗa albashin mata da kula da tsofaffi?

Talatu_Zumunta

Salama gare ku 'yan'uwa. An ba ni aikin gabatar da tarihin wata mace 'yar Katolika a taron Zumuntar Mata na wata mai zuwa, kuma Fada ya ba ni sunan Hildegard Burjan ta ƙasar Ostiriya. Abin da na ji kawai shi ne ta yi fafutukar daidaita haƙƙin mata da na maza, kuma akwai gidajen kula da tsofaffi da ake dangantawa da ita. Ina roƙon masu sani su taimaka. Wane aiki ta yi da hannunta? Ina alaƙar mata da tsofaffi a nan, ko abubuwa biyu ne daban aka haɗa? An kuma ce ta shiga majalisa amma ba ta daɗe ba, me ya fitar da ita? Ba na son in tsaya gaban iyaye mata in ce "ta taimaki talakawa" in zauna.

Malam Bulus D.

Malama Talatu, sannu da ƙoƙari. Bari in ɗauki tarihin rayuwarta da aikinta na farko, masu sanin doka su cike sauran.

Sunanta na gida Hildegard Freund. An haife ta ran 30 ga Janairu 1883 a garin Görlitz na ƙasar Jamus, a gidan Yahudawa waɗanda ba su cika riƙon addini ba. Iyalin sun koma Barlin, daga baya Suwizalan, inda ta yi jami'ar Zurik ta sami digirin dakta a 1908. A 1907 ta auri Alexander Burjan, ɗan asalin Hungari, wanda daga baya ya zama babba a masana'antar wayar tarho a Viyana, babban birnin Ostiriya. A ƙarshen 1908 ciwon ƙoda ya kwantar da ita a asibitin Hedwig na Katolika da ke Barlin. An yi mata tiyata ba sau ɗaya ba, likitoci suka sallama, sai ga shi ta farfaɗo a lokacin Ista na 1909. Irin jinyar da sistocin asibitin suka yi mata ita ta ja hankalinta, aka yi mata baftisma ran 11 ga Agusta 1909. A shekarar suka koma Viyana. A 1910 ta haifi 'yarta tilo, Elisabeth, duk da likitoci sun ba ta shawarar a zubar da cikin saboda lafiyarta.

Aikin da ya fito da sunanta na mata masu ɗinki a gida ne, kuma sai kin fahimci yadda harkar take kafin ki gane abin da ta gyara. Mai kantin tufafi ko mai masana'anta ba ya ɗaukar mace aiki. Yana ba ɗan tsakiya kwangila, shi kuma ya yanka yadi ya rarraba wa mata gida-gida. Ana biya ne a kan ƙidaya, riga kaza kuɗi kaza. Kusan yadda mata masu ɗinkin hula a gida suke da dillalai a wajenmu. Ɓarnar tana shigowa ta wurare da dama. Zare da allura da man fitila da gawayin dumama ɗaki duk daga aljihun matar suke fita, haka ma kuɗin keken ɗinki in bashi ta ɗauko shi. Ɗan tsakiya ne yake duba aiki, in ya ce ɗinki bai yi ba sai ya zaftare kuɗi, babu wanda za a kai wa ƙara. Matan ba su san juna ba, kowace tana ɗakinta, don haka babu wadda ta san nawa aka biya maƙwabciyarta, kuma in ɗaya ta ƙi farashi akwai goma masu karɓa. Da yake kuɗin guda ɗaya bai taka kara ya karya ba, sai a sa yara su taya aiki har dare, makaranta ta sha ruwa. Ranar da ta kwanta ciwo ko ta haihu kuwa, babu ko kwabo, domin a takarda ba ma'aikaciyar kowa ba ce.

A 1912 Burjan ta kafa ƙungiyar mata Kirista masu aiki a gida. Matakin farko shi ne bin gidaje ana nemo matan a tara su wuri ɗaya, domin sai sun ji farashin juna za a iya tsayar da mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Na biyu, ƙungiyar da kanta ta riƙa neman manyan kwangiloli kai tsaye, ribar da ɗan tsakiya yake ci ta koma cikin ladan masu ɗinki. A nan matsayin mijinta ya yi amfani, don tana zama da masu kuɗi da manyan gwamnati. Na uku, asusun taimako ga mai jego da marar lafiya da iyalin wadda ta rasu, tare da taimakon shari'a idan an danne wa mace haƙƙinta. Har aka yi mata laƙabi da uwar mata masu aikin gida ta Viyana. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, maza suka tafi fagen daga, sai ta buɗe ɗakunan ɗinki da wuraren raba aiki ga matan da aka bari da yara. A 1918 ta haɗa ayyukan a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Soziale Hilfe, wato taimakon jama'a.

Raunin wannan tsari shi ne ya dogara da kwangila. In oda ta tsaya, ƙungiya ba ta da abin rabawa, kuma ba ta da ikon tilasta wa ɗan tsakiyar da ke waje ya biya farashinta. Doka ce kaɗai take iya wannan, shi ya sa hanyar ta kai ta siyasa.

Barista Rifkatu

Na gode Malam Bulus, daga inda ka tsaya zan ɗora.

Daular Habsburg mai mulkin Ostiriya ta rushe a ƙarshen yaƙi, aka yi shelar jamhuriya ran 12 ga Nuwamba 1918, mata suka sami 'yancin zaɓe. Burjan ta fara zama a majalisar birnin Viyana a ƙarshen 1918. A zaɓen 16 ga Fabrairu 1919 aka zaɓi majalisar tsara kundin mulki mai kujeru 170. Mata takwas ne suka shiga. Bakwai 'yan jam'iyyar gurguzu ta ma'aikata ne, irin su Adelheid Popp da Anna Boschek, ita kaɗai ce daga jam'iyyar Kirista. Buƙatunta a bayyane suke: aiki iri ɗaya, albashi iri ɗaya, a daidaita mace da namiji a aikin gwamnati, a ƙara kuɗin karatun 'yan mata, a faɗaɗa kariya ga mai ciki da mai jego.

Abin da ya fi kamata ki ba mata labari shi ne dokar 'yan aikin gida ta 1920. Kafin ita, 'yar aiki tana ƙarƙashin tsofaffin ƙa'idojin barori ne. Tana da wani littafi da uwargida take rubuta halinta a ciki, ba ta samun sabon gida sai da shi, kuma rikicinta da masu gida hannun 'yan sanda yake zuwa. Ba a ƙayyade mata lokacin aiki ba. Sabuwar dokar ta mai da zaman ya zama yarjejeniyar aiki kamar kowace: hutun dare na awa tara a jere, ƙarin awa biyu na hutu da cin abinci da rana, hutun shekara da albashi, sanarwa kafin sallama, da wurin kwana mai ƙofar da za ta iya kullewa daga ciki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ke kwana a gidan wasu, kowa ya san dalili. Anna Boschek ce ta ja gaba a ɓangaren 'yan gurguzu, Burjan kuma ta jawo jam'iyyarta, wadda yawancin masu ɗaukar 'yan aiki magoya bayanta ne. Jam'iyyun biyu ba sa ga maciji, haɗa kai irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba.

Kada dai a zuzuta. Lissafa ki gani: awa 24, cire 9, cire 2, saura awa 13 na aiki, alhali ma'aikatan masana'anta sun riga sun sami dokar awa takwas. Da farko ma dokar ta tsaya ne ga garuruwa masu mutum fiye da 5,000, sai a 1926 aka faɗaɗa ta. Kuma babu mai duba aiki da yake shiga ɗakin girkin mutane, yarinyar da ta fito daga ƙauye ba ta san abin da doka ta ba ta ba.

Fitarta daga majalisa: ba ta sake tsayawa takara a zaɓen Oktoba 1920 ba. Lafiyarta ba ta da ƙarfi, ga ciwon ƙoda ga na sukari. Dole ne ɗan majalisa ya jefa ƙuri'a yadda jam'iyya ta ce, abin da bai yi mata daɗi ba. Ga sabuwar ƙungiyar sistoci da ta kafa tana neman lokacinta. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa a taron coci ba: ƙin jinin Yahudawa ya yi katutu a jam'iyyar, kuma baftisma ba ta sa wasu sun manta asalinta ba.

Yanzu ga tambayarki ta tsofaffi. A ganina abu ɗaya ne, shekaru ne kawai suka raba su. Ma'aikatan ofis a Ostiriya sun sami dokar fansho tun 1906. Leburori ba su samu ba. An yi musu doka a 1927, amma aka rataya ɓangaren fanshon tsufa a kan sharaɗin sai tattalin arziki ya gyaru, bai kuwa fara aiki ba har Burjan ta rasu. Babbar dokar inshorar jama'a da ake tafiya a kanta yau ta fara aiki ne a 1956. To ki ɗauki mai ɗinki a gida ko 'yar aikin da ta yi shekara arba'in a gidan mutane, ba ta yi aure ba, ba ta da ɗaki nata. Ranar da ido ya raunana ko gwiwa ta ƙi, albashi da abinci da makwanci duk tare suke tafiya. Ɗan abin da ta tara kuma hauhawar farashin 1921 zuwa 1922 ta cinye, domin da aka sauya kuɗi a 1925, kurona 10,000 ta tsohon kuɗi ce ta koma sabon shilin ɗaya. Tsohuwar da ke layin karɓar abincin sadaka a 1930 ita ce budurwar da aka biya rabin lada a 1890.

Lissafin nan bai mutu ba. Fansho ana auna shi ne da yawan albashi da yawan shekarun biya. Macen da ta bar aiki don raino, ta dawo tana rabin yini, sannan ta sake ragewa don jinyar iyaye, ta yi asara sau uku. Dokar hana bambancin albashi ta zo a 1979, shekara 46 bayan rasuwar Burjan. Yanzu ana lissafa wa uwa har wata 48 na raino a kan kowane ɗa, kuma daga 2024 an fara ɗaga shekarun ritayar mata daga 60, wata shida-shida, har su kai 65 a 2033. Duk da haka fanshon mata a ƙasar yana ƙasa da na maza da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Sista Nas Saratu

Barista ta yi bayani mai kyau, amma Talatu, ki kiyaye abu ɗaya don kada wani masani ya gyara miki a bainar jama'a. Burjan ba ta yi suna da gidajen tsofaffi a rayuwarta ba. Ran 4 ga Oktoba 1919 ta kafa ƙungiyar sistoci ta Caritas Socialis a titin Pramergasse na Viyana, da goyon bayan Ignaz Seipel, limamin da daga baya ya zama shugaban gwamnati. Aikinsu na farko ya shafi matan da ba su da wurin kwana, 'yan matan da suke sauka a tashar jirgin ƙasa neman aiki ba su san kowa ba, da masu ciki ba aure. A kan gidan da ta buɗe wa waɗannan na ƙarshe ta sha suka, ana cewa tana ɗaure wa lalata gindi. Ta kuma shirya ciyar da masu rufin asirin da suka talauce amma kunya ta hana su roƙo. Aikin tsofaffi da masu jinyar ajali ya bunƙasa ne a hannun sistocin bayanta.

Yau ƙungiyar tana da cibiyoyi a Pramergasse da Rennweg da Kalksburg, duk a Viyana. Tsarin hawa-hawa ne: ma'aikaciya ta zo gida ta yi wanka da magani, in hakan bai isa ba, cibiyar yini, a kawo tsoho da safe a mai da shi da yamma, 'yarsa ta samu ta je aiki, in mantuwa ta yi nisa, zaman ƙaramin rukuni ko ɗakin jinya na dindindin. A 1995 suka buɗe sashen masu jinyar ajali na Rennweg, wanda Paparoma John Paul na biyu ya ziyarta a watan Yuni 1998.

Kuɗin fa? Tun 1993 Ostiriya tana biyan alawus na kula, ba tare da duba arzikin mutum ba. Mataki bakwai ne, ana auna su da awannin taimakon da mutum yake buƙata a wata: fiye da 65 mataki na ɗaya, fiye da 95 na biyu, fiye da 120 na uku, fiye da 160 na huɗu, daga na biyar zuwa sama fiye da 180 tare da ƙarin sharuɗɗa. Likita ko nas ne yake zuwa gida ya auna. Inda aka fi tafka asara shi ne ranar awon. Tsohuwa mai cutar mantuwa ta ga baƙo, ta gyara zama, ta ce ai ita take girkinta da wankanta, a rubuta mata ƙaramin mataki. Maganinsa a riƙa rubuta aikin kullum na mako biyu kafin ranar, har da tashin dare, kuma wanda yake jinyar ya zauna a wurin. In hukuncin bai yi ba, akwai wata uku na kai ƙara kotun ƙwadago. Tun 2023 ana ƙara wa mai tsananin mantuwa awa 45 a lissafi, da can 25 ne.

Tunda matan Zumunta da yawa suna jinyar iyaye a gida, ga abubuwan da suka fi kai tsoho asibiti, ko a Viyana ko a Kafanchan. Wanda ba ya iya juyawa a juya shi kusan kowace awa biyu, a duba ƙugu da diddige da gindin baya. Jan da aka danna bai yi fari ba farkon gyambon kwanciya ne. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, ba za a jira ya nema ba, sai dai in likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Kada a ba shi abinci a kwance, a zaunar da shi ya kuma zauna rabin awa bayan ci, don abincin da ya sarƙe zuwa huhu shi ke kawo ciwon haƙarƙari. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ba gigin tsufa ba ce kuma ba maita ba ce, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙarancin ruwa ko wani sabon magani, a kai shi a duba. Mai ciwon daji da aka rubuta wa mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ana ba shi ne a kan lokaci, na ruwa kowace awa huɗu, ba sai ya yi kuka ba, kuma dole a haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko.

Ki lura kuma da wa yake yin duk wannan aiki. Mata ne, a gida kyauta, a cibiya da ƙaramin albashi, kuma masu kwana da tsofaffi a gidajen Ostiriya yawancinsu matan Romaniya da Sulobakiya ne da suke zuwa na 'yan makonni su koma. Matsalar 'yar aikin 1920 ce ta dawo.

Talatu_Zumunta

Allah ya saka muku, na sami abin faɗa har ya yi yawa. Saura biyu. In kira ta Waliyyiya ko kuwa? Sannan wasu matasanmu za su tambaya ko ta nemi a naɗa mata limamai, tunda an ce daidaito.

Katikis Yohanna

'Yata Talatu, kada ki ce Waliyyiya. Mai Albarka ce, mataki ɗaya ya rage. Ta rasu ran 11 ga Yuni 1933 tana da shekara 50. Kadinal Franz König ya buɗe binciken rayuwarta a 1963, daga nan ake kiran mutum bawan Allah ko baiwar Allah. Dayosis takan tattara shaidu da duk abin da mutum ya rubuta ta aika Roma. In an tabbatar da nagartar halinsa sai a ba shi matsayi na biyu, nata ya zo a 2007. Sai mu'ujiza ɗaya, yawanci warkewar da kwamitin likitoci ya kasa bayyanawa, sannan masanan tauhidi su tabbatar cewa roƙon da aka yi ta wurinsa ne. Paparoma Benedict na 16 ya amince da nata a 2011. Ran 29 ga Janairu 2012 Kadinal Angelo Amato ya ayyana ta Mai Albarka a babban cocin Istifanus na Viyana. Ana tunawa da ita ran 12 ga Yuni. Kafin a ce Waliyyiya sai an sami wata mu'ujizar da ta faru bayan 2012. Irin wannan bincike sau da yawa a nan yake tsayawa, ko don takardun asibiti ba su cika ba, ko don an roƙi waliyyai da yawa a lokaci guda har ba a iya cewa ta wurin wane aka samu.

Tambaya ta biyu, a'a. Daidaiton da ta nema na albashi ne da doka da karatu da ƙuri'a. A harkar coci mai biyayya ce, a siyasa kuma tana ɓangaren masu ra'ayin riƙau. Seipel amininta ne, bayan rasuwarsa a 1932 ita ta fara tara kuɗin gina coci don tunawa da shi, kuma Seipel ɗin mutum ne da ma'aikatan Viyana suka daɗe suna jin haushinsa kan yadda 'yan sanda suka harbe masu zanga-zanga a Yulin 1927. In matasa suka tambaya, ki faɗa musu haka.

Abin da ya saɓa al'ada a cikin coci shi ne matsayinta ita kanta. Matar aure ce mai ɗiya, tana zaune a gidan mijinta tana karɓar baƙinsa, kuma ita ce shugabar sistocin da suka yi alkawarin zama ba aure, har ranar da ta rasu. Wasu sun yi gunaguni a kai, Kadinal Piffl na Viyana ya tsaya mata. Dayosis ba ta amince da ƙungiyar a hukumance ba sai 1936, Roma kuma a 1960. Mijinta Alexander ya tsere zuwa Birazil a 1938 lokacin da 'yan Nazi suka mamaye Ostiriya, domin a dokarsu shi Bayahude ne duk da baftismarsa. Da ta kai wannan shekara, dokar da za ta hau kanta ke nan.